Ina Gabas a Taswirar Nan?

Abin da na fara lura da shi ranar da na shiga sabuwar jami'ar shi ne wuyan mutane. Akwai wani ƙaton allo a bakin get, an zana taswirar wurin a jikinsa da fenti mai sheƙi, kuma duk wanda ya tsaya gabansa sai ya karkata wuya. Wani ya karkata nan, wani can, wani har hularsa ta nemi faɗuwa. Daga nan sai ya miƙe, ya waiwaya, ya nufi wata taga da aka rubuta wa ofishin tambaya. Bayan tagar nan aka ajiye ni a dogon hutun shekarar.

Ina aji uku na sakandare a lokacin. Kuɗin mai sun shigo ƙasa, Sakkwato ta cika da sababbin fijo, manyan motoci suna ta jigilar siminti daga Kalambaina. Soja ke mulki, kuma in suka ce a yi gini, kafin mutum ya gama jin labari an haƙa harsashi. Jami'ar ma haka ta zo mana. An ba ta wasu gine-gine a cikin gari ta fara zama, ana ta ƙara wasu a gefe. Ofishin da ke nan yau, wani mako sai a ce ya koma can baya.

Wadda ta kai ni maƙwabciyarmu ce a Ƙofar Marke, muna kiranta Anti. Mutuniyar Filato ce, Kirista, mijinta yana aikin lantarki a kamfanin siminti. Ita ke zama a tagar tambaya, kuma ita aka ɗora wa tsara duk abin da zai nuna wa baƙo hanya: allunan ƙofofi, da kibiyoyi, da ita kanta taswirar. Anti ba ta gajiya da magana. Ni kuwa kunyata ta kai malamar ajinmu ta taɓa tambayar Inna ko kunnena ne ba ya ji. Su biyu suka ƙulla abin a tsakar gidanmu, ina zaune ina tsince shinkafa kamar ba da ni ake ba.

Inna ta ce, "Ki tai da ita, ko Allah ya sa bakinta shi buɗe."

Anti ta ce, "Bar ni da ita, Mama. Wanda ya zauna kusa da ni, ko turmi ne sai ya yi gaisuwa."

Baba bai hana ba. Ya ce dai in riƙa dawowa kafin magariba.

Kwanakin farko ban yi komai ba sai kallo. Mutum zai zo ya yi sallama, ya faɗi abin da ya kawo shi, Anti ta ce, "Ka bi hannun dama, in ka wuce dogon ginin nan ka yi hagu." Sai ya yi godiya ya tafi. Ni da ke bayanta ina ganin abin da ita ba ta gani, domin kafin ya juya ta riga ta koma kan na gaba. Wasu suna ɗaukar damar tun suna fuskantarta, wasu sai sun juya baya suke lissafawa, saboda haka magana ɗaya takan raba mutane gida biyu. Ba a jimawa sai rabinsu su dawo suna share gumi.

Maigadin bakin get kuwa, wani tsohon Basakkwace mai jan carbi, bai taɓa cewa dama ko hagu ba. Nasa shi ne, "Yi gabas hal ka ishe tankin ruwa, sannan ka yi gusum." Gusum ita ce kudu a bakinmu. Wata rana Anti ta leƙa ta taga ta ce masa, "Baba, kana rikita mini mutane da gabas ɗinka."

Ya ce, "Ni ka rikita su? Ke dai, Madam. Tun randa soja sunka juya muna hannu bisa titi, ban ƙara yarda da dama da hauni ba. Gabas ko, ba mai iya ɗauke ta da doka."

Har 'yan layi suka yi dariya, ita ma ta yi.

Ni a raina na goyi bayan maigadi, domin irin maganar da na taso ina ji a gida ke nan. Ko tsintsiya Inna za ta aike ni ɗaukowa, cewa take tana yamma da randa. Sai ga shi ranar da na fara buɗe baki, wannan ɗin ne ya kunyata ni. An kira Anti taro, ta bar ni ni kaɗai. Wani saurayi ya zo, gashi ya tsaya masa kamar kwando, wando mai faɗin ƙafa yana share ƙasa, ya tambayi inda ake raba ɗakunan kwana. Na san wurin sarai. Na tattara duk ƙarfina na ce, "Yi gusum."

Ya kawo kunne. "Na'am?"

Na sake faɗa, muryata ta ƙara shigewa ciki.

"Gusum? 'Yan mata, ni ɗaki nake nema, ba abinci ba. Mu a Kano ba a dafa shi."

Ba da mugunta ya faɗa ba, amma abokansa suka kwashe da dariya. Na san kalmar kudu, ita nake rubutawa a makaranta, sai dai ta gudu ta bar ni. Na sunkuyar da kai, na kasa ko nuna masa da hannu. Daidai lokacin shugaban ofishinmu ya zo wucewa. Oga muke ce masa, ɗan gidan malamai ne na cikin gari, ya san Baba, malam yake ce masa. Shi ya nuna wa saurayin hanya.

Bangon da ya raba mu da ofishinsa na siririn katakon filawud ne, don haka na ji abin da ya gaya wa Anti da ta dawo.

"Madam, tagar tambaya ba wurin aje hoto ba ta. Ɗiyar malam ta, ba ni son in ɓata mai rai. Amma in sababbin ɗalibai sunka zo bakinta bai buɗe ba, sai a maishe ta gida."

Ban yi kuka ba sai da na shiga bayan gida. Ba na son komawa. Ba kunyar Inna da Anti kaɗai nake ji ba. Wurin ne ya shiga raina. Ina son ƙanshin sababbin littattafai da ake saukewa cikin kwalaye, ina son ganin 'yan matan da suka girme ni kaɗan suna wucewa da fayil a ƙirji ba mai tambayarsu ina za su. Fiye da komai kuma ina son tambayoyin mutane. A gida ba wanda ke zuwa da abin da ban taɓa ji ba.

Damina ce, 'ya'yan dogon yaro suna ta zubowa a bakin tagar. Don hannuna ya sami abin yi, na fara tsintarsu ina jerawa a kan dakalin taga ta ciki. Ban san lokacin da abin ya zama tsari ba. In mutum ya zo neman ɗansa ko ƙanensa, sai in ajiye ƙwaya ɗaya a kusurwa. Mai neman aiki, ƙwayarsa daban. Mai kawo siminti ko katako yana neman wanda zai sa masa hannu, daban. Mai son a ɗauke shi karatu, daban. Aka yi kwanaki, tsibi-tsibi suka tashi.

Wata safiya Anti ta ɗauko tsumma za ta goge wurin. "Wane ne ya buɗe mini kasuwa a taga?"

Na riƙe hannunta. Ita kanta ta yi mamaki. Na nuna mata tsibin ɗaya bayan ɗaya, ina faɗa a hankali. Da ita ina iya magana in ba kowa.

Ta nuna wanda ya fi kowanne girma. "Wannan fa?"

Na ce, "Masu neman masallaci da bayan gida."

Ta fashe da dariya har ta dafa tebur. "Yarinyata, bayan gida ko a taswirar babu shi! Masallacin ma zane kawai muka yi, ba mu sa suna ba."

Ta zauna ta gaya mini yadda aka yi allon. Daga sama aka aiko da sunayen ofisoshi, ita da mai zane suka jera su a gefen taswira kamar yadda masu su suke a girma, babba a sama, ƙarami a ƙasa, duk da Turanci. Ta ce, "Na yi shi yadda mu na ciki muka san kanmu. Tun da kika zo, kin taɓa jin wani ya tambayi ofis da sunan da ke jikin allon?"

Na girgiza kai. Ba wanda ya taɓa cewa ina ofishin magatakarda. Cewa suke, ɗana na zo gani, ko takarda aka ce in kawo.

Bayan haka ba da daɗewa ba aka gama wani sabon gini, aka kira mai fenti ya ƙara shi a taswira. Ya kwance allon daga ƙarafunansa, ya kwantar da shi a ƙasa ƙarƙashin dogon yaro, ya durƙusa yana haɗa launi. Ina kallo ta taga sai ga wani dattijo ya shigo da buhu a kafaɗa, ƙafafunsa duk laka, da gani daga ƙauye ya fito. Ya yi wa mai fenti barka da aiki, ya tsaya yana duban allon.

Ya ce, "Wanga mi na?"

"Hoton wurin ga na, Baba. Kamar ka hau sama ka dibi ƙasa."

"To, ina gabas cikinai?"

Mai fenti ya nuna masa gefe ɗaya da bakin burushi. Dattijon ya ajiye buhu, ya ce a kama masa. Suka ja allon a ƙasa, suka juya shi har gefen nan ya dubi inda rana ke fitowa. Sai ya zagaya ya tsaya a bayansa, fuskarsa gabas, kamar mai shirin kabbara. Ya dubi allon, ya ɗaga kai ya dubi fili. Bai karkata wuya ba ko kaɗan.

"Awo. Ga tankinku can, ga shi nan. Wanga mai hasumiya masallaci na. To ɗiyan makaranta ina suka kwana?"

Mai fenti ya ɗora yatsa a kan wani dogon gini. Dattijon ya bi yatsan da ido har ya fita daga allon ya sauka kan ginin na gaske, ya ɗauki buhunsa ya tafi. Bai zo tagarmu ba. Bai kuma dawo ba sai da rana ta yi sanyi, shi da wani saurayi suna tafe suna hira, buhun yana kan saurayin.

Na ji kamar ni aka nuna wa hanya. A tsaye, allon yana da sama da ƙasa, abin da fili ba shi da su. A kwance kuwa, gabas ɗinsa gabas ce, kuma ko wanda bai san gusum ba, in ya ga gini a gefen hannunsa a zane, zai ɗaga ido ya gan shi a wannan gefen. Mai fenti ya gama aikinsa, ya mayar da allon kan ƙarafuna, wuyan mutane suka koma karkata.

A hanyar gida na gaya wa Anti. Ta saurare ni har muka wuce masu gasa masara ba ta katse ni ba, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ta ce, "Gobe za ki gaya wa Oga."

Na ce, "Anti, ke dai ki hwaɗa mai."

"Ni ban gani ba. Ke kika gani. In na faɗa, zai ce Madam ta zo da sabon surutu."

Washegari ta tura ni gaba, ta tsaya a bakin ƙofa ta toshe hanya da jikinta. Oga yana rubutu, fanka tana juyi a kansa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya tambayi Baba. Daga nan komai ya tsaya. Duk abin da na shirya ya watse. Ina jin ƙarar fankar, ina kallon igiyar takalminsa.

Ya ce, "Ɗiyata, gaisuwa ɗai ta?"

Akwai kwafin taswirar na takarda manne a bangonsa. Na tashi na ciro shi. Daga baya Anti ta gaya mini ta ɗauka korarmu za a yi mu biyu. Na ce, "Ranka shi daɗe, ina gabas?"

Ya ɗaga gira. Ya nuna kusurwar da dardumarsa take. Na shimfiɗa takardar a ƙasa, na juya ta, na ja da baya. Ya jima yana kallona, sannan ya taso ya tsaya inda na tsaya. Ya dubi ƙasa, ya dubi taga. Ta tagar ana hango tankin ruwa, daidai inda takardar ta ce yake.

Da na ga bai yi faɗa ba, sai maganar ta fara fitowa, a karkace, ina haɗa dattijon da buhunsa da 'ya'yan dogon yaro. Sau da yawa sai ya ce in ɗaga murya. Na ɗaga kaɗan.

Ya koma kujerarsa ya ce, "Na ji. Amma Gwamna na zuwa buɗe wurin ga. In kai shi bakin get in ce mai ga taswirarmu nan ƙasa, shi duƙa? Ga awaki. Ga ruwan sama."

Anti ta shigo daga bakin ƙofa. "Oga, siminti ne ba mu da shi? A yi mata tebur, ya kai ƙugu, a ɗan karkata shi ruwa ya gangara. Na tsayen a bar wa Gwamna."

Ya yi dariya har ya cire tabarau. "Ku biyu kun gama shawara, kun zo ku ba ni labari."

Cikin 'yan kwanaki magina suka zuba teburin a gefen get, maigadi yana tsaye a kansu yana gyara musu gabas kamar masu ginin masallaci. Ni da Anti muka zauna muka sake jera sunayen, wannan karon bisa abin da ke kawo mutum: in ka zo ganin ɗalibi, in ka zo neman aiki, in ka kawo kaya, in kana neman shiga karatu. Kowanne da launinsa, launin kuma yana kan ginin da za a je. Mun yi gardama a kan inda za a sa bayan gida. Ni na ce a sama, tunda shi aka fi nema. Anti ta ce Oga zai suma. Aka sa shi a ƙasa, amma da manyan baƙaƙe. Ita ta rubuta Turancin, ni Hausar. Mai fenti ya ƙara ajami a ƙarƙashi ba wanda ya sa shi, ya ce hannunsa ne ya saba. Ya kuma zana tafin ƙafa biyu a siminti, inda mutum zai tsaya. A gefen kudu na sa ya rubuta kudu, ya rubuta gusum.

Ba komai ya gyaru ba. Awakin da Oga ya faɗa sun zo, sun mai da teburin wurin shan hantsi. Wata mai tallan gyaɗa ta ga ya yi daidai da farantinta. Wasu kuma ko kallonsa ba sa yi, sun fi son su ji daga bakin mutum. Amma layin tagarmu ya ragu, masu dawowa da gumi suka yi ƙaranci. Na kuma lura da wani abu: wanda ya tsaya a kan tafin ƙafar nan yakan gane rabin hanya da kansa, sai ya ɗaga kai yana neman wanda zai tabbatar masa da sauran. In maigadi yana wajen buɗe wa mota, ba kowa a wurin. Sai mutumin ya ɗan jira, ya taho taga.

Ana saura kaɗan sababbin ɗalibai su zo, Oga ya aiko a kira ni. Wannan karon Anti ba ta raka ni ba. Ya ce in zauna, na zauna a bakin kujera.

"Na yi magana da malam. Na ce mai ɗiyarshi na da ido. Ba mu maishe ki gida." Ya gyara takardun gabansa. "Kuma na samo miki wurin da ya dace da ke. Ɗakin baya, inda Madam ka aje allunan ƙofofi. Ki riƙa jera su, kina duba wanda ya tsufa. Ba baƙo, ba tambaya. Ba mai sa ki magana hal hutu shi ƙare."

Alheri ya yi mini, na sani. Da a makon farko ya faɗi haka, da na yi ta godiya har ƙasa. Na san ɗakin, yana da sanyi, ba ya da taga ta waje. Na yi godiya, na miƙe, na kai bakin ƙofa. Daga nan ana hango get. Wata yarinya da akwatin ƙarfe a kai tana tsaye gaban teburin, ta sa ƙafafunta daidai kan zanen, tana duban ƙasa tana duban fili. Sai ta fara waige-waige.

Na juyo. Muryar ta fito, har Oga ya ji ba tare da ya ce in ƙara ba.

"Ranka shi daɗe, ina roƙon arziki. Randa sababbin ɗalibai za su zo, a bar ni in tsaya bakin teburin."